Muttaka Mai Awon Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya zauna a Koki shekarun nan ya san Muttaka, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Saurayi ne dogo mai tabarau, irin tabaran da ba likita ne ya rubuta ba. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida, aiki kuma ya ce masa sai an kwana biyu. A majalisar mai shayi ba a ɗauko zance bai riga kowa isa ƙarshensa ba. In ƙwallo ake yi shi koci ne, in ruwan famfo ne injiniya ne. Ranar da akuyar maƙwabta ta sha wuyar naƙuda har hannun riga ya naɗe, Allah ya dubi akuyar ta haihu kafin ya gama wanke hannu.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato Bahijja, 'yar Alhaji Ɗalha na Madabo. Yarinyar tana son sa, don yana ba ta dariya, wani lokacin ma da gangan. Mahaifinta kuwa dattijo ne mai fataucin hatsi, Bafulatanin da kakanninsa suka jingine sanda suka zauna a birni, mutum mai tsadar magana. Da Muttaka ya aika neman izinin turo magabatansa, amsar da ta dawo gajeriya ce. An san gidansu, an san yaron ba ya shaye-shaye, amma mece ce sana'arsa? A nuna wa Alhaji sana'a ya gani da idonsa, sannan a yi zancen turowa.

Wani zai nemi shagon da zai zauna ya koyi ciniki. Muttaka sai ya tuna da wani darasi da aka yi musu a aji biyu, inda malamin ya taɓo yadda ake auna basirar mutum. Ya sayi data, ya rufe ɗaki, ya yi ta kallon bidiyo. Da ya fito sai ya wuce majalisa ya sanar cewa daga yau Koki ta samu abin da ko Abuja ba kowace unguwa ke da shi ba.

Ya yi musu bayani tiryan-tiryan, yana zana iska da cokalin shayi. Ya ce ƙwaƙwalwa ma ana auna ta kamar yadda ake auna jini a asibiti. Ana yi wa mutum tambayoyi kashi-kashi: na sanin yau da kullum, na lissafi, na riƙe lambobi a ka a maido su da baya, da na fitar da bare daga cikin dangi. Duka kuma da agogo ake yi, don saurin kai yana cikin basira. Daga makin da mutum ya ci ake gane shekarun ƙwaƙwalwarsa, a raba su da shekarunsa na haihuwa, a ninka sau ɗari. Wanda ya samu ɗari, shi ne tsaka-tsaki. Wanda ya haura ɗari da talatin gwani ne. Wanda ya gaza saba'in kuwa sai dai a bi shi da addu'a.

Mai shayi ya tambaye shi ko shi ya auna tasa. Muttaka ya ce tun jiya, ɗari da sittin da takwas ya samu. Da aka ce wa ya duba masa, sai ya kalli majalisar daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Duk Kokin nan wa kuke gani zai iya duba min?"

Abin da Muttaka bai sani ba shi ne, mai bidiyon ya ci gaba da cewa wannan rabon da shekaru don yara ƙanana aka ƙirƙire shi, kuma masana sun daɗe da ajiye shi, yanzu kowa da sa'o'insa ake gwada shi. Daidai nan datar Muttaka ta ƙare.

Ya share zauren kakansa, ya sa benci da tebur, ya rataye kwali a ƙofa: Cibiyar Awon Ƙwaƙwalwa, Dakta Muttaka. Ya ce awon farko kyauta ne, kuma ranar Asabar ta sama za a yi taro a bayyana sakamako a gaban jama'a, Alhaji Ɗalha ne babban baƙo.

Wanda ya fara shigowa Malam Abdulmuttalib ne, tsohon malamin da ake tasowa daga garuruwa a ɗauki karatu a zaurensa. Ba awo ya kawo shi ba, mahaifiyar Muttaka ce ta roƙa ya zo ya sa albarka. Muttaka kuwa ya ga nama ya kawo kansa. Malam yana zama ya danna agogon waya, ya buɗe baki zai yi tambayar farko, sai Malam ya riga shi da ina kwana. Ya tambayi gajiya, ya tambayi mahaifiyarsa, ya tambayi ƙafar kawunsa da ta kumbura, ya yi masa gaisuwar wata gwaggonsa da ta rasu bara, ya ɗaga hannu ya shiga addu'a. Muttaka ido ɗaya a waya, baki yana amin. Kafin a shafa, waya ta yi ƙara. Kashin farko ya wuce, Malam bai ci ko ɗaya ba.

Aka zo fitar da bare. Muttaka ya ce akuya, tunkiya, saniya, kaza, wacce ce ba ta cikin dangi? Malam ya shafa gemu ya ce ai sai an san ta wace fuska ake tambaya. In ƙafa ake dubawa, kaza ce. In girma ne, saniya. In rashin jin magana ne, akuya ba ta da na biyu. In kuwa ƙarancin wayo ne, kowa ya san tunkiya. To wacce ɗan nan yake nufi? Muttaka amsa ɗaya gare shi a waya, saboda haka ya ɗauki amsa huɗu a matsayin ruɗewa, ya ba Malam sifiri. Da ya raba ɗan abin da ya samu da shekarun Malam tamanin da ɗoriya, lambar da ta fito sai da shi kansa ya cire tabarau ya sake dubawa. Ya raka Malam har ƙofa cikin tausayi, yana faɗa a ransa cewa ashe karatu daban, basira daban.

Haka aka yi ta yi. Wasu teloli biyu, wa da ƙani, suka zo tare. Duk tambayar da wan ya kasa amsawa, sai ƙanin ya sunkuyar da kai ya ce shi ma bai sani ba, alhali ana ganin amsar tana motsi a leɓensa. Wani ango ya zo yana cika baki, ya fara da kyau, sai ga surukinsa ya leƙo zaure neman inuwa. Daga nan ango bai ƙara cewa uffan ba har waya ta gaji da ƙara. Muttaka ya fara damuwa da halin da unguwa ke ciki. Ya ce wa mai shayi yana zargin ruwan rijiyoyin Koki.

Sai Allah ya kawo masa Mailafiya. Mailafiya mai tallar maganin gargajiya ne, irin masu ɗaura lasifika a kan mota suna bin kasuwanni suna ambaton abin da ko a bayan ɗaki ba a ambata. In motarsa ta shigo layi, iyaye mata kan aiki yara can ƙuryar gida. Bai yi sallama mai tsawo ba, bai tambayi kowa ba. Kafin Muttaka ya kai ƙarshen tambaya ya ba da amsa, rabi daidai rabi shaci-faɗi, amma Muttaka yana ƙara maki don sauri. Da aka zo sanin yau da kullum, ya faɗi sunan matarsa, ya ƙara da na uwarta ba a tambaye shi ba. Da aka tambayi shekarunsa ya ce ashirin da biyar, alhali 'yarsa ta fari tana goyon na biyu. Aka raba, aka ninka, lamba ta yi sama. Muttaka ya miƙe ya ba shi hannu, ya ce yau ya samu abokin hira a unguwar nan.

Ana jibi taro wata tsohuwa ta yi sallama a zauren, fara, siririya, da carbi a hannu. Gwaggo Kulu ce, yayar Alhaji Ɗalha, wadda ke zaune wajen Ƙofar Dawanau, kuma a gidan Alhaji ba a yanke magana sai an ji ta bakinta. Shi ya turo ta ta gano masa irin sana'ar yaron kafin ya je ya zauna a gaban mutane. Muttaka bai taɓa ganin ta ba. Ta ce ta ji ana awo kyauta ne ta biyo. Ya ce ta zauna, Iya, ba zafi.

Ya ce za su fara da masu sauƙi. Mene ne sunan mai gidanta? Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce Malam ne, Allah ya jiƙansa. Ya ce Malam wa? Ta ce Malam dai. Ya girgiza kai ya wuce. Sunan ɗanta na fari fa? Ta kalli bango ta ce wannan yaron yana can Legas. Ya ce sunansa yake tambaya. Ta ce ai kowa ya san shi. 'Ya'yanta nawa? Ta ce Allah ya ba da, masha Allah. Muttaka, wanda tun tasowarsa bai taɓa jin uwarsa ta kama sunan yayansa ba, ko kaɗan abin bai faɗo masa ba, don idonsa na kan agogo.

Ya ce to ga lissafi. Mutum ne yana da shanu goma sha biyu, ya sayar da biyar, saura nawa?

Gwaggo ta ajiye carbi. "Subhanallahi. Me ya same shi?"

Ya ce ba abin da ya same shi, misali ne. Ta ce ba a sayar da shanu biyar lokaci ɗaya a kan misali, ko dai ciwo ya shiga garken, ko shari'a ta ci shi. Ɗan wane gida ne, a je a yi masa jaje? Waya ta yi ƙara. Da ya tambayi shekarunta ta ce ita dai ta yi wayo ana kashe ahu da sule. Ya ƙiyasta mata, ya raba, ya ninka, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce mata kada ta damu, ba laifinta ba ne, haka Allah yake rabonsa. Ta ce ta gode, ta ɗauki carbinta.

Ranar Asabar bayan la'asar ƙofar gidan ta cika. An shimfiɗa tabarmi, an jera bencina, an sa wa Alhaji Ɗalha kujera a gaba kusa da Malam Abdulmuttalib da kawun Muttaka mai kumburarriyar ƙafa. Tsofaffin mata sun taru a bakin zaure. Mailafiya ya ba da aron lasifikarsa, aka ɗaure ta a jikin falwaya tana fuskantar Madabo. Muttaka ya fito cikin kwat, da zafin nan, ya durƙusa ya gai da Alhaji daga nesa, sannan ya karɓi makirfo ya koma Dakta.

Ya yi jawabi mai tsawo a kan ƙasashen da suka ci gaba. Sannan ya ce kimiyya ba ta san sani ba, ba ta san sabo ba, saboda haka kowa ya yi haƙuri da abin da zai ji. Wanda ya fi kowa basira a cikin waɗanda aka auna shi ne Malam Mailafiya. Sai dariya ta ɓarke daga baya ta gangaro gaba. Mailafiya ya miƙe yana ɗaga hannu biyu kamar ɗan takara, ya ce dama ya daɗe yana faɗa ba a yarda.

Da Muttaka yana da rabo da nan ya tsaya. Amma ya ɗauki dariyar a matsayin karɓuwa, ya ce yanzu sai na ƙasa, don a san waɗanda ke bukatar kulawa. Na biyun ƙarshe shi ne Malam Abdulmuttalib. Dariya ta ɗauke. Ɗaliban Malam suka fara gyara zama, wani ƙato a cikinsu har ya miƙe, Malam ya riƙo gefen rigarsa yana murmushi ya ce Alhamdu lillahi, ashe akwai wanda na fi.

Muttaka ya ce akwai kuwa. Wata baiwar Allah ce daga Ƙofar Dawanau, Kulu. Ba ta san sunan mijinta ba, ba ta san sunan ɗan da ta haifa ba, ba ta san yawan 'ya'yanta ba. Ya ce a lissafinsa ƙwaƙwalwarta ta yarinya 'yar shekara biyar ce, kuma yana ba danginta shawara, in suna kusa, kada su riƙa barin ta tana fita ita kaɗai.

Alhaji Ɗalha ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Kawun Muttaka ya manta da ciwon ƙafa ya taso da sauri ya raɗa masa magana a kunne. Aka ga tabarau ya zamo zuwa kan hanci.

Gwaggo Kulu ta fito daga cikin mata a hankali, ta tsaya inda kowa zai ji ta. Ta ce ita ba ta yi fushi ba, yaro ya yi aikinsa. Sai dai ita a gidan 'yan hatsi ta tashi, kuma a can kafin a yarda da awo, kwanon ake fara kifewa a duba ko an buga gindinsa. Tunda ɗan nan ya auna kowa, a auna shi a gani.

Muttaka ya ce ai an auna shi, ɗari da sittin da takwas.

"Ban ga lokacin ba," in ji Gwaggo. "Ka san ni sai a hankali."

Jama'a suka ce gaskiya ne. Alhaji ya gyaɗa kai sau ɗaya. Aka ce wa zai riƙe agogo, sai Mailafiya ya ce ai ba a tambaya, wa ya fi shi cancanta a hukumance? Ya fizge wayar, ya kafa wa Muttaka makirfo a baki, ya ce tambayoyin Gwaggo ce za ta yi su, tunda ta haddace.

Yana danna agogo, kafin Gwaggo ta ce komai, Alhaji Ɗalha da bai yi magana ba tun zuwansa ya juyo.

"Malam Muttaka, ina wuni?"

Ba yadda za a yi. Muttaka ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa da kwat ɗinsa. Alhaji ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ke zaune a wurin suna ji. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a wuni, ranar sai da ya gangara har kan jariran gidan. Muttaka yana lafiya lau, lafiya lau, gumi yana bin wuyan kwat. Waya ta yi ƙara. Mailafiya ya sanar a lasifika cewa kashin farko Dakta ya tashi a tutar babu.

Gwaggo ta kawo zancen mai shanu goma sha biyu. Nan Muttaka ya ga hanya, kafin ta rufe baki ya ce bakwai. Mailafiya ya ce daidai. Gwaggo ta juya wajen mata ta ce sun dai ji, bawan Allah ya rasa kusan rabin garkensa, yaron nan ko Allah ya mayar da alheri bai ce ba. Aka ji guna-guni a bakin zaure. Wata ta ce irin waɗannan ne matarsu ke kwance suna tambayar ina abinci.

Sai Gwaggo ta ce saura ɗaya, mai sauƙi, irin wadda ya fara yi mata.

"Ni ka tambaye ni sunan mai gidana. Kai ba ka da iyali tukuna. To faɗa mana sunan yarinyar da kake nema, da sunan ubanta."

Mailafiya ya danna agogo ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai gani.

Muttaka yana durƙushe, tsakaninsa da Alhaji bai fi a miƙa hannu ba. Ya kalli ƙasa. Ya kalli kawunsa, kawu ya girgiza masa kai da ƙarfi. Ya san ɗan mutunci ba ya kama sunan suruki, balle a gabansa, balle a haɗa da na 'yarsa. In ya yi shiru kuwa, ga Koki da Madabo sun taru, gobe a majalisa za a ce Dakta bai san sunan budurwarsa ba, an sa shi layi ɗaya da tsohuwar da ya ce kada a bari ta fita. Mailafiya ya shiga ƙirga masa lokaci da irin muryar da yake tallar maganin sanyi, yana cewa jama'a ku matso ku ga ɗari da sittin da takwas tana narkewa. Yara suka kama dariya. Malam Abdulmuttalib ya ce a hankali, yaro, shiru ma amsa ce. Alhaji kuwa ya zuba masa ido, kuma waɗanda ke kusa sun ce fuskarsa ta fara sassautowa, don shirun ya soma burge shi.

Waya ta yi ƙara. Wani daga baya ya ce shi ke nan, Dakta ya bi sahun Gwaggo. Wannan kalma ce ta ƙarasa shi. Ya ɗago kai, ya cafko makirfo da hannu biyu.

"Bahijja. Ubanta kuma Ɗalha."

Ba Alhaji, ba Baba. Lasifikar Mailafiya, wadda aka saya don ta keta hayaniyar kasuwa, ta ɗauki sunan ta watsa bisa rufin gidaje har Madabo, inda mahaifiyar Bahijja ke tsakar gida tana tankaɗe. Matan bakin zaure suka rufe baki da mayafi. Ko Mailafiya sai da ya ja baya kaɗan ya ce shi dai iyakarsa suruka, kuma ba a gabanta ba.

Alhaji Ɗalha ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa. Ya ce rabon da a kira shi haka gatsal tun rasuwar mahaifiyarsa, ya gode da aka tuna masa da ita. Ya yi wa Malam sallama, sannan ya tsaya gaban kawun Muttaka ya ce ya ga sana'a, ya kuma ga mai sana'a, kada a wahalar da dattawa, ba sai sun zo ba. Gwaggo Kulu ta bi bayansa tana jan carbi, ita kaɗai, ba mai riƙe da ita.

Mutane suka fara naɗe tabarmi. Muttaka yana nan durƙushe ba takalmi. Can ya jawo rigar Mailafiya ya yi ƙasa da murya, ya manta makirfo na hannunsa.

"Amma dai na ci makin ko?"

Mailafiya ya duba wayar, ya miƙa masa.

"Dakta, ai lokaci ya riga ya cika."